DAGA ZAFIN ƘARFE ZUWA WAYAR ƘARƘASHIN TEKU: Darasi kan Dangantakar Lissafi da Kimiyya da Aikin Injiniya



Gabatarwa

Akwai wata tambaya wadda ba ta rabuwa da jami'o'in duniya, musamman a lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci a baitulmali. Tambayar kuwa ita ce: mene ne amfanin malamin da zai shekara goma yana ta rubuce-rubucen lissafi a kan allo, alhali bai gina gada ba, bai ƙera inji ba? Masu yin wannan tambaya suna da haƙƙin a ba su amsa, domin dukiyar jama'a ce ake kashewa a kan bincike. Su kuma malamai sau da yawa sukan amsa da kirari, su ce ilmi hasken rayuwa ne, su yi shiru. Kirari kuwa ba ya gamsar da mai riƙe da jakar kuɗi.

Saboda haka wannan lacca za ta amsa tambayar da labari guda ɗaya na tarihi, watau labarin yadda aka shimfiɗa wayar tangarahu ta farko a ƙarƙashin Tekun Atalantika, da yadda ta mutu, da yadda aka tayar da aikin. A cikin labarin za a ga cewa bincike kamar murhu yake, duwatsu uku ne ke riƙe da tukunya: lissafi, da awo, da aikin hannu na injiniya. Duk wanda aka zare daga cikinsu, miya ta zube.

Fourier da Tafiyar Zafi

Labarin ya faro ne daga wani Bafaranshe mai suna Joseph Fourier, ɗan tela, wanda aka haifa a shekara ta 1768 ya kuma tashi maraya. Ya bi Nafoliyon zuwa Masar a 1798 cikin ayarin masana, da ya komo gida aka naɗa shi gwamnan wani lardi mai hedkwata a Grenoble. A can ne, a tsakanin ayyukan mulki, ya duƙufa kan wata mas'ala wadda a ido ba ta kai a ɓata dare a kanta ba: idan aka sa bakin sandar ƙarfe a wuta, ta yaya zafi ke tafiya har ya kai ɗaya bakin?

Fourier ya fitar da ƙa'idar lissafi wadda ke bayyana wannan tafiya. Abin da ƙa'idar ta nuna shi ne zafi ba ya gudu kamar doki, malala yake yi kamar ruwa a cikin yashi, kuma lokacin da yake ɗauka yana ƙaruwa ne da tsawon hanya sau kansa. Watau idan aka riɓanya kauri sau biyu, lokaci zai riɓanya sau huɗu. Idan aka riɓanya sau goma, lokaci zai riɓanya sau ɗari. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai kaurin bango ya san wannan a jikinsa. Zafin rana na tsaka bai gama ratsa bangon ba sai dare ya yi, shi ya sa ɗakin yake da sanyi da rana, ya yi ɗumi da dare. Magina sun san haka tun kaka da kakanni. Abin da Fourier ya ƙara shi ne ya mayar da sanin zuwa lamba, yadda za a iya faɗin sakamako tun kafin a aza tubali.

Don ya warware ƙa'idar, sai ya zo da wata dabara ta biyu wadda ta fi ta farko nisa. Ya ce duk wani zane mai hawa da sauka, kome karkacewarsa, ana iya rarraba shi zuwa igiyoyi masu sauƙi, kowace da saurin kaɗawarta, sa'an nan a sake haɗa su su ba da zanen farko. Misalinsa shi ne kiɗan fada: kakaki da algaita da tambari suna tashi gaba ɗaya su zama sauti guda, amma kunnen gwani yana iya ware kowanne daban.

Da ya gabatar da aikin a Faris a 1807, manyan masana lissafi na lokacin, musamman Lagrange, ba su yarda da wannan dabara ba, aka ƙi buga takardar. Ya ci gasar da aka sa a kan mas'alar zafi a 1811, amma har a nan alƙalai suka ce hujjojinsa ba su cika ba. Sai a 1822 littafinsa ya fito. Ya rasu a 1830, kafin a kafa tangarahun lantarki na kasuwanci ko da guda ɗaya a duniya. Ya kamata masu sauraro su riƙe wannan a zuciya.

Matsalar Waya cikin Ruwa

Shekara goma bayan rasuwarsa, a 1840, wani yaro ɗan shekara goma sha shida a Gilasgo, William Thomson, ya sami littafin ya karance shi. Takardarsa ta farko ta ilmi, wadda ya buga a 1841, kare Fourier ya yi a cikinta daga wani farfesa da ya soki aikin. A 1846, yana da shekara ashirin da biyu, aka ba shi kujerar farfesa a Jami'ar Gilasgo, ya kuma zauna a kanta har shekara hamsin da uku. Shi ne wanda daga baya duniya ta sani da sarautar Lord Kelvin.

A wannan zamani ne tangarahu ya bazu a Turai da Amurka, ana kafa turaku ana ja musu waya. A 1851 aka yi nasarar shimfiɗa waya a ƙarƙashin mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, an lulluɓe jan ƙarfen da wani danƙo da ake samu daga itatuwan ƙasar Malaya, mai suna gataparca, don kada ruwa ya taɓa shi. Amma sai ma'aikata suka lura da wani abin mamaki. A wayar da ke kan turaku, da an taɓa maɓalli a nan sai alama ta bayyana a can, tsaf. A wayar da ke cikin ruwa kuwa, alamar takan iso a makare, ta taso a hankali, ta kuma daɗe ba ta gushe ba, har ta shiga cikin wadda ke biye da ita. Michael Faraday ya bayyana dalili a 1854: jan ƙarfe a ciki, danƙo a tsakiya, ruwan gishiri a waje, sun haɗu sun zama wata doguwar taska mai haɗiye lantarki. Sai wayar ta ƙoshi tukuna kafin ta miƙa abin da ya rage zuwa gaba.

Faraday ya faɗi dalili, amma bai faɗi adadi ba. A ƙarshen 1854 masani George Stokes ya rubuta wa Thomson wasiƙa yana tambayarsa game da al'amarin. Da Thomson ya zauna ya rubuta lissafin, sai ya ga ƙa'idar da ta fito ita ce ainihin ƙa'idar Fourier ta zafi, sunaye kawai suka sauya. Lantarki a doguwar wayar ruwa malala yake yi, daidai da zafi a sandar ƙarfe. Tun da haka ne, to amsa tana nan a rubuce tun shekara talatin da suka wuce: jinkiri zai ƙaru da tsawon waya sau kansa. Wayar mil 2,000 za ta fi ta mil 200 jinkiri sau ɗari. Ya buga wannan a 1855, ya kuma ba da magani: a ƙara kaurin jan ƙarfe, a ƙara kaurin danƙo.

Gardamar Malami da Ma'aikaci

A 1856 wani attajiri Ba'amurke, Cyrus Field, tare da abokansa na Ingila, suka kafa kamfanin da zai haɗa Ailan da Nufanlan da waya, tazarar kusan mil 2,000, a tekun da zurfinsa ya wuce mil biyu a wasu wurare. A lokacin labari yakan yi kwana goma ko fiye a jirgin ruwa kafin ya ƙetare. Mutumin da kamfanin ya ɗora a kan sashen lantarki shi ne Wildman Whitehouse, likitan fiɗa ne daga garin Brighton wanda ya koya wa kansa aikin lantarki. Mutum ne mai ƙwazon gwaje-gwaje, amma ba shi da zurfi a lissafi, kuma bai ga dalilin da zai sa malamin jami'a ya koya masa aikinsa ba. A taron masana na 1856 ya fito fili ya ce gwajinsa ya ƙaryata ƙa'idar Thomson.

Maganar Whitehouse ta fi daɗi a kunnen masu hannun jari, domin siririyar waya ta fi araha, ta kuma fi sauƙin lodi a jirgi. Ga shi kuma ana gaggawa. Aka ƙera waya mai laba 107 ta jan ƙarfe da laba 261 ta danƙo a kowane mil na teku. Thomson yana cikin daraktocin kamfanin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Duk da haka bai yi fushi ya koma aji ba. Ya auna jan ƙarfen da masana'antu dabam-dabam suke kawowa, ya gano cewa wani ya fi wani barin lantarki ya wuce da nisa ƙwarai, saboda gaurayen da ke cikinsa, abin da babu wanda ya damu ya auna a da. Ya kuma ƙera wani ma'auni mai ɗan ƙaramin madubi da aka liƙa wa maganaɗisu aka rataye da zare. Kome ƙanƙantar lantarkin da ya iso sai madubin ya motsa, ya wurga ɗigon haske a kan allo. Dabararsa ita ce a yi wa waya magana a hankali, a kasa kunne da kyau. Dabarar Whitehouse kuwa ita ce a daka mata tsawa.

Yunƙurin 1857 ya watse da waya ta tsinke a teku. A 1858 jiragen yaƙi biyu, Agamemnon na Ingila da Niagara na Amurka, suka haɗu a tsakiyar teku, suka ƙulla bakin wayoyinsu, kowa ya nufi gaɓarsa. Bayan tsinkewa da hadari mai tsanani, ran 5 ga Agusta aka kai waya gaɓa biyu. Ran 16 ga wata Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaba Buchanan gaisuwa. Kalmomi 98 ne, amma sai da suka ɗauki wajen sa'a goma sha shida kafin su gama wucewa. A Niyok aka yi ta wasan wuta don murna har hasumiyar zauren birni ta kama da gobara. Ko a wannan hali na rauni wayar ta nuna darajarta, domin ta cikinta ne gwamnatin Ingila ta soke umarnin kwaso rundunoni biyu na soja daga Kanada, ta tsirar da dubban fam.

Murna ba ta daɗe ba. Da alamu suka yi ta raunana, Whitehouse ya riƙa tura wa wayar lantarki mai ƙarfin da ya kai wajen bolt 2,000. Danƙon da ke da rauni tun farko ya ƙarasa lalacewa, cikin mako uku waya ta yi shiru. Aka sallami Whitehouse, har wasu a Amurka suka riƙa cewa ai dama babu wata waya, damfara ce.

A nan wajibi ne a yi adalci. Binciken da aka yi daga baya a kan guntayen wayar ya nuna cewa ƙirarta ba ta da kyau: a wasu wurare jan ƙarfen ya kauce daga tsakiya har ya kusa fita daga danƙo, an kuma bar ta a rana ta sha zafi kafin a loda ta. Da wuya ta yi tsawon rai ko da wa ya riƙe ta. Whitehouse ya gaggauta ajalinta ne, amma laifin na tsarin aikin ne gaba ɗaya, tsarin da ya sa gaggawa a gaban awo.

Gyara

Abin da ya biyo baya shi ne sashen da ya fi muhimmanci, ko da yake ba shi ne ake yawan ba da labarinsa ba. Bayan wata wayar kuma ta Bahar Maliya ta lalace, gwamnatin Ingila da kamfanin suka kafa kwamitin bincike a 1859, ya saurari masana da injiniyoyi da ma'aikata, ya fitar da rahoto a 1861. Rahoton ya nuna cewa yawancin asarar da aka yi ana iya kauce mata da an yi gwaji da awo a kowane mataki. A wannan shekara kuma ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, bisa shawarar Thomson, ta kafa kwamitin daidaita ma'aunan lantarki. Kafin nan kowace masana'anta da mudunta. Daga wannan aiki ne ma'aunin om ya samo asali, bolt da amfiya suka biyo baya, waɗanda yau kowane mai gyaran rediyo yake ambata ba tare da ya san tarihinsu ba.

Sabuwar wayar da aka ƙera tana da laba 300 ta tataccen jan ƙarfe da laba 400 ta danƙo a kowane mil, an kuma auna ta gaɓa gaɓa. Jirgi mafi girma a duniya a lokacin, Great Eastern, shi ya ɗauke ta. A 1865 ta tsinke bayan an yi fiye da rabin hanya. A 1866 aka sake fita, ran 27 ga Yuli aka isa Nufanlan lafiya. Sa'an nan aka koma aka lalubo wayar bara daga ƙasan teku aka ƙarasa ta. Sauri ya kai wajen kalma takwas a minti guda, aka kuma ba Thomson lambar girma ta Sir. Shekara ashirin bayan haka, a 1886, irin wannan waya ta haɗa Ikko da Landan.

Inda Malamin Ya Gaza

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce darasinsa shi ne a bi mai lissafi ido rufe. Tarihi bai yarda da wannan ba, kuma Thomson kansa ne shaida, har sau biyu.

Na farko, ƙa'idarsa ta bar wani abu a waje, watau maganaɗisun da ke kewaye waya duk lokacin da lantarki ke gudana a cikinta. A tangarahu mai tafiyar hawainiya wannan bai dami kowa ba, amma da tarho ya zo sai murya ta riƙa dagulewa a doguwar hanya. Wanda ya cike giɓin shi ne Oliver Heaviside, mutumin Landan mai raunin ji, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha shida, ya yi aikin buga tangarahu a Newcastle, ya ajiye aiki a 1874 ya shiga ɗaki yana koya wa kansa lissafi. A 1887 ya nuna cewa idan aka ƙara wa waya wannan maganaɗisu da gangan, gwargwadon wani ƙayyadadden kaso, dukkan igiyoyin da suka haɗu suka zama murya za su yi tafiya da sauri ɗaya, su isa tare. William Preece, babban jami'in lantarki na ma'aikatar gidan waya, ya ƙi yarda, ya kuma tare hanyar buga takardar. Sai a Amurka, wajen 1900, George Campbell da Michael Pupin suka mayar da shawarar aiki, suka riƙa sa gammon waya a tazara tazara a kan layi. Kamfanoni suka sami dukiya mai yawa, Heaviside kuwa ya rasu a 1925 cikin ƙuncin rayuwa. Abin lura shi ne wanda ya gyara wa farfesa ƙa'idarsa bai taɓa shiga jami'a ba.

Na biyu ya fi tsanani. A 1862 Thomson ya ɗauki ƙa'idar nan ta Fourier ya auna shekarun duniya da ita, bisa zaton cewa ƙasa curi ne da ya fara da zafi yake ta hucewa. Ya sami tsakanin shekara miliyan 20 da miliyan 400, daga baya ma ya rage. Masana duwatsu suka ce lokacin ya yi kaɗan, ya ƙi saurarensu. A 1895 tsohon mataimakinsa John Perry ya nuna cewa idan cikin ƙasa yana motsi yana juya zafi, lissafin ya rushe. A 1896 kuma aka gano sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, waɗanda ke ƙara wa ƙasa zafi, waɗanda kuma da su ne daga baya aka auna shekarun duwatsu. Yau an san shekarun duniya sun kai wajen miliyan 4,500. Lissafin Thomson ba shi da kuskure ko ɗaya. Zaton da ya ɗora lissafin a kai ne ya karkace. A kan waya yana da ma'auni a hannu yana gwada kowace magana, a kan cikin ƙasa kuwa ba shi da shi. Mutum ɗaya, ƙa'ida ɗaya, ta ba shi nasara a inda ya auna, ta kuma kā da shi a inda ya dogara da zato.

Jikokin Ƙa'idar

Aikin Fourier bai tsaya a waya ba. A 1855 Adolf Fick ya yi amfani da siffar ƙa'idar wajen bayyana yadda gishiri ke bazuwa cikin ruwa. Masu binciken jijiyoyin jiki a ƙarni na ashirin sun ɗauki lissafin wayar teku suka bayyana tafiyar saƙo a cikin jijiya, aikin da ya kai Hodgkin da Huxley ga lambar Nobel a 1963. A 1965 Cooley da Tukey suka fitar da hanyar da kwamfuta za ta rarraba igiyoyi cikin sauri, hanyar da ake amfani da ita a wayar hannu da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa abin da ke hana haske yin nisa a cikin zaren gilashi gauraye ne, idan aka tace gilashin zai ɗauki saƙo. Magana ɗaya ke nan da wadda Thomson ya yi a kan jan ƙarfe. A 1988 wayar gilashi ta farko ta ƙetare Atalantika, yau kuma kusan dukkan saƙonnin intanet tsakanin nahiyoyi ta ƙarƙashin teku suke bi. Mutanen Afirka ta Yamma sun ɗanɗana haka ran 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, harkokin bankuna da ofisoshi suka tsaya cik a ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Gana.

Kammalawa

Yanzu sai a komo ga mai tambaya. Da an je Grenoble a 1807 an tambayi Fourier amfanin lissafinsa, ba zai ambaci tangarahun lantarki ba, domin babu shi. Tsakanin gabatar da aikin da ranar da ya haɗa nahiyoyi biyu, shekara hamsin da tara ce. Hukumar da ke ba da kuɗin bincike bisa sharaɗin a ga riba a shekara uku, da ta kore shi tun a zama na farko. Wannan shi ne abin da ya kamata gwamnati da masu masana'antu su yi tunani a kansa.

Su ma malaman jami'a akwai nasu kason. Thomson bai ci nasara don yana da gaskiya a takarda kawai ba. Ya shiga masana'anta ya auna jan ƙarfe, ya ƙera ma'auni, ya hau jirgi ya sha hadari tare da matuƙa. Jami'ar da sashen lissafinta ba ya gaisawa da sashen injiniya, injiniyoyinta kuma ba su san ƙofar masana'anta ba, ta raba duwatsun murhu ta ajiye kowanne a ɗaki dabam, sa'an nan tana mamakin rashin dahuwar abinci. Haka kuma labarin Heaviside gargaɗi ne ga duk mai auna magana da takardar shaidar mai yin ta.

Ga ɗalibai kuwa, abin tunawa shi ne yaron nan na Gilasgo da ya ɗauki littafi mai wuya, wanda ba ya cikin jarrabawarsa, ya karance shi. Shekara goma sha huɗu bayan haka wasiƙar Stokes ta iso, ta tarar da shi a shirye.